Ranar da na ce wa Baba motarsa lafiya lau take

1/ Zare ne mai ɗan tsayi, ku yi haƙuri da ni. Labarin wani ɗan makunni ne da bai fi girman ƙwayar dabino ba, da yadda rashinsa ya sa na yi wa mahaifina ƙarya ban ma san ƙarya nake ba. In kana da mota, ko kana cikin masu sayen 'yar na'urar gwajin motar nan ta intanet, daure ka kai ƙarshe.

2/ Baba yana da Ford Focus ƙirar 2008, irin ta Turai, 'yar Kwatano. Da kuɗin sallamarsa ya saye ta a hannun wani bayan ya ajiye aikin koyarwa. A layinmu, in dare ya yi wani abu ya taso, ƙofarmu ake bugawa saboda ita. Asibiti, tasha, kai amarya, duk ita ce. Baba bai taɓa hana kowa ba.

3/ Sai ta fara wani hali. In ta kwana biyu ba a tayar da ita ba, batir ya mutu murus. Wani lokacin ka kunna sigina, a waje tana yi, amma 'yar kibiyar da ke dashbod shiru. Wani lokacin fitilar jakar iska ta kama, can an jima ta ɗauke da kanta. Inji kuwa ras, ko tari ba ya yi.

4/ Aka sayi sabon batir, bai yi wata ba halin ya dawo. Aka gwada altaneta, aka ce tana caji daidai. Daga ƙarshe makanike ya sa mata kwamfuta, ya share abin da ya gani, ya ce wa Baba in ta ƙara to biren bos ne, sai an canza. Kuɗin da ya ambata ya kusa kai na rajistata ta makaranta. Na ga yadda Baba ya yi shiru.

5/ Ni kuma ina aji uku a jami'a, fannin lantarki nake karanta, jina nake ba dama. Na ce Baba kada a taɓa komai tukuna. Na yi odar 'yar na'urar nan shuɗiya da ake rubuta wa ELM327, mai haɗuwa da waya ta Bluetooth. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ranar da ta iso ji nake kamar na buɗe gareji.

6/ Ga wanda bai sani ba: a ƙarƙashin sitiyarin motocin zamani akwai wani soket mai ƙafa 16, sunansa OBD-II. Amurka ce ta wajabta shi tun 1996, Turai ta biyo baya a 2001 ga motocin fetur. Nan ake soka na'ura a tambayi mota abin da ke damunta, ita kuma ta amsa da lambobi, irin su P0300 da makamantansu.

7/ Na soka, na buɗe manhaja a waya, ta haɗu. Ga gudun inji, ga zafin ruwa, ga ƙarfin batir, duk suna motsi a hannuna. Na danna neman matsala. Ta ɗan yi juyi, ta rubuto cewa ba a samu lambar matsala ko ɗaya ba. Na maimaita sau uku. Amsa ɗaya.

8/ Na samu Baba a zaure na ce, "Baba, motar nan lafiya lau take. Kwamfuta ba ta ƙarya. Batirin ne dai ba a dace da mai kyau ba." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To injiniya, tunda kai ka faɗa." Har ya ba abokansa labari a masallaci wai yaronsa ya cece shi daga asara. Da ma bai bayar ba.

9/ A lokacin yayata ta dawo gida goyon ciki, haihuwar fari. An yi kwana biyu motar na ajiye saboda tsadar mai. Daren Laraba wajen ƙarfe uku Umma ta tashe mu, naƙuda ta zo. Baba ya shiga ya murɗa makulli. Ƙas, ƙas. Ko fitilar ciki da ƙyar take ja. Muka tura ni da ƙanena har bakin titi, ta ƙi.

10/ Da gudu na bi layi ina buga ƙofofi, mu da ake buga wa. Sai gida na huɗu na samu mai adaidaita sahu ya yarda ya fito, Allah Ya saka masa. A ciki aka kai ta, tana cije leɓe duk ramin da aka faɗa. Alhamdulillahi ta sauka lafiya, namiji. Amma ni ban iya haɗa ido da Baba ba a barandar asibitin.

11/ Bai yi min faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Da gari ya waye abin da ya ce kawai shi ne, "Kwamfutar taka ba ta san da wannan ba ko?" Tambayar nan ta hana ni barci. Na'urar ta yi ƙarya ne, ko ni ne ban san me na tambaye ta ba? Sai na zauna na yi karatun da ya kamata in yi tun kafin in buɗe baki.

12/ Abu na farko da na gane: babu wani abu guda ɗaya wai shi "kwamfutar mota". Ƙananan kwamfutoci ne barkatai. Ta inji daban, ta birki daban, ta sitiyari, ta jakar iska, ta dashbod, da wadda ke kula da fitilu da kulle ƙofofi, wadda a wannan motar ake kira GEM. Kowacce da aikinta, kuma dole su riƙa jin juna.

13/ Da a ce kowacce sai an ja mata waya zuwa kowacce, da nauyin wayoyi kaɗai ya ishi mota. Shi ya sa kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin CAN, ya gabatar da shi a 1986. Waya biyu ne kawai a murɗe da juna, kowa ya ɗora bakinsa a kai. Wanda ya yi magana kowa ya ji, wanda saƙon ya shafa ya ɗauka.

14/ In biyu suka fara magana lokaci guda fa? Kowane saƙo yana da lambar shaida, mai ƙaramar lamba shi ke wucewa, ɗayan ya dakata ya sake gwadawa. Kamar dai zaman gida, in babba ya buɗe baki yaro ya yi shiru. Wayoyin biyu kuma saɓanin juna suke: in ana magana ɗaya ta hau wajen bolt 3.5, ɗaya ta sauka 1.5. In shiru ne duk suna 2.5.

15/ To ga inda na faɗi. Motar Baba layi biyu gare ta irin wannan, ba ɗaya ba. Akwai mai sauri, HS-CAN, kilobit 500 a daƙiƙa: inji, birki, sitiyari. Akwai mai matsakaicin sauri, MS-CAN, kilobit 125: fitilu, ƙofofi, rediyo, na'urar sanyaya mota. An raba su ne don kada surutun rediyo da ƙofa ya tsare wa birki hanya.

16/ Ku ɗauka kamar guruf biyu na WhatsApp a dangi. Ɗaya na manya, inda ake maganar gado da asibiti. Ɗaya na kowa da kowa, inda ake cefane da anko. A wannan motar dashbod ne ke cikin duka biyun, shi ke kai labari daga nan zuwa can. Shi ya sa in layin ƙofofi da fitilu ya rikice, a fuskar dashbod ake fara gani, inji kuwa ko a jikinsa.

17/ A soket ɗin, layi mai sauri yana ƙafa ta 6 da ta 14. Wannan ƙa'ida ce, duk motar da ke amsa gwaji ta CAN nan za ka same shi. Amma akwai ƙafafun da aka bar wa kowane kamfani ya yi yadda ya so da su. Ford da Mazda sun sa layi na biyu a ƙafa ta 3 da ta 11. 'Yar shuɗiyata kuwa CAN ɗinta 6 da 14 kaɗai ya sani.

18/ Ƙari a kan haka, manhajar da na yi amfani da ita irin ta gama-gari ce. Kwamfutar inji take tambaya, kuma abin da ya shafi hayaƙi da ƙonewar mai take nema, don asalin dokar OBD-II saboda gurɓata iska aka yi ta. Wato na shiga guruf ɗin manya, na tambayi mutum ɗaya ko yana lafiya, ya ce lafiya, na fito na yi shelar cewa duk dangi ƙalau.

19/ Na'urar ba ta yi ƙarya ba. Cewa ta yi ba ta ji ƙorafi ba a inda aka sa kunnenta. Ni ne na mayar da "ban ji ba" ya zama "babu". Har yau in na tuna yadda na faɗa da ƙarfin gwiwa, sai in ji kunya ta kama ni.

20/ Mafita biyu ce. Ko ka sayi na'urar da ke sauya layi da kanta, irin su OBDLink EX, ko ka sa wa taka makunni. Kuɗin ta farkon ya fi ƙarfina, sai na zaɓi ta biyu. Makunni ake nema mai ƙafa shida, wanda ke juya waya biyu lokaci guda. Na tafi Farm Centre wajen abokina mai gyaran waya, don hannunsa ya fi nawa iya dalma.

21/ Aikin ba wuya a baki. Ka raba wayoyin CAN biyu na cikin na'urar da ƙafa ta 6 da 14, ka kai su ƙafafun tsakiya na makunnin. Gefe ɗaya ka mayar da shi 6 da 14. Ɗaya gefen ka kai shi 3 da 11. Wadda ke zuwa 6 ita za ta je 3, wadda ke zuwa 14 ita za ta je 11. Makunni sama, layi mai sauri. Ƙasa, na biyu.

22/ Sai manhaja. Na sauke FORScan a laftof, ita an yi ta ne musamman don Ford da Mazda da danginsu, ta san sunan kowace kwamfuta da yarenta. Tana haɗuwa ta tambaye ni ko na'urata tana da makunnin HS da MS. Na ce e. Ta karanta na layin farko, sannan ta tsaya ta ce in juya. Na juya hannuna na rawa.

23/ Shiru. Ko ɗaya ba ta gani ba. Zuciyata ta ce shi ke nan, layin gaba ɗaya ya mutu, ga matsalar. Har na miƙe zan je in gaya wa Baba. A bakin zaure na tsaya. Na ce kai, ba irin wannan ce ta kai ka ƙasa ba? Shiru ka ji, har ka yanke hukunci? Na koma na zauna na fara zargin kayan aikina.

24/ Na cire kan batir, na ɗauko mita na auna tsakanin ƙafa ta 6 da 14: om 60. Haka ya kamata, don kowane layi yana da rezisto biyu masu om 120 a ƙarshensa biyu, in ka haɗa su gefe da gefe 60 suke bayarwa. Na auna 3 da 11: kusan haka. Ashe layin na nan da ransa. Na buɗe na'urar, sai ga shi mun juya wayoyin, ta 3 ta tafi 11.

25/ Abin da ya ruɗe mu shi ne lissafin ƙafafun. In kana kallon soket ɗin mota daga gaba, jerin daban yake da in kana kallon na na'urar daga baya inda ake dalma, dama ta koma hagu. Muka gyara. Na dawo, na soka, ta ce in juya, na juya. Sai ga sunaye suna sauka ɗaya bayan ɗaya, kwamfutocin da ban taɓa sanin suna cikin motar ba.

26/ Kuma kusan kowacce da kukanta. Lambobin matsala harafi huɗu ke fara su: P na inji da giya, B na jikin mota, C na birki da ƙafafu, U na sadarwa. Nawa yawanci U ne, har da U1900, wadda ke nufin saƙon da ake jira a layin CAN bai iso daidai ba. In mutum ɗaya ya ce ba ya ji, kunnensa ne. In kowa ya ce ba ya ji, a duba layin.

27/ Iyakar abin da na'ura ta iya ke nan fa. Ta nuna unguwa, ba ta nuna gida ba. Na ɗauki laftof na tafi wajen wani dattijo mai wayarin da maƙwabcinmu ya kwatanta min. Na ce, "Oga, ga abin da na gani." Ya leƙa ya ce shi ba ya jin turancin nan, in faɗa masa da Hausa. Da na gama ya tambaye ni abu ɗaya: "Me aka ƙara wa motar wanda ba da shi ta zo ba?"

28/ Rediyo. Mai motar na baya ya cire na asali ya sa irin mai babban gilashin nan. Oga ya kashe mota, ya kulle, ya sa mitarsa a layin batir, muka zauna muna shan shayi. Ya ce mota mai lafiya in an rufe ta, bayan ɗan lokaci kwamfutocinta barci suke, abin da take ja ya koma ɗan mitsitsi. Tamu bayan rabin awa tana jan kusan amfiya ɗaya.

29/ Ku yi lissafin da kanku. Amfiya ɗaya sau awa 48, an kwashe 48 ke nan daga batirin da aka rubuta wa 60, wanda da ma zirga-zirgar cikin gari ba ta cika shi. Kwana biyun nan da muke ta gani, ga su a lissafi. Ko batir nawa za a saya haka za a yi ta binne kuɗi.

30/ Ya zaro rediyon. A bayansa akwai wani ɗan akwati baƙi da ke sa maɓallan sitiyari su yi aiki da sabon rediyo. An feɗe wayoyin layi na biyu, an murɗa nasa a kai da hannu, an naɗe da salatif, zafi ya narkar da gam ɗin. Wutarsa kuma an ɗauko ta daga wayar da ba ta mutuwa ko an zare makulli. Ga shi ba ya barci, ga haɗin na rawa.

31/ Wato shi ne ɗan guruf ɗin da ke turo saƙo ƙarfe uku na dare ya hana kowa runtsawa. In mota ta faɗa rami kuma wayoyin su taɓa, saƙonni su lalace, kibiyar sigina ta ɓace. Oga ya cire shi, ya yi wa wayoyin dalma, ya rufe su da kyau. Muka sake kullewa muka jira. Mita ta yi ta sauka har ta kwanta ƙasa.

32/ Abin da ya karɓa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin biren bos ba. Kuma ku lura, da an canza biren bos ɗin, da matsalar na nan daram, don ita ba ta ma layin da abin yake. Ban zargi makanikenmu ba. Ina kyautata zaton irin ramin da na faɗa shi ma ya faɗa: na'urarsa layi ɗaya ta ji, shi kuma ya cike sauran da hasashe.

33/ Ga masu irin wannan na'urar mai makunni, abubuwan da na koya da kuɗina da kunyata:
Ka fara kullum makunni na kan HS.
Kada ka juya sai manhaja ta ce ka juya.
Kada ka yi wasa da shi mota na tafiya. In na'ura ta yi magana da saurin 500 a layin 125, tana iya rikita layin har dashbod ya kunna fitilun gargaɗi.

34/ Ka mayar da shi HS kafin ka soka a motar wani kamfani. Ƙafa ta 3 da 11 ba ƙa'ida ba ce, wani kamfanin wani abin daban ya ɗora a kansu. Motocin GM da yawa ma nasu layin na biyu waya ɗaya ce tak a ƙafa ta 1. Ka rubuta HS da MS a jikin na'urar da alƙalami. In ka gama ka zare ta, don ƙafa ta 16 kullum da wutar batir take.

35/ Sannan ba kowace shuɗiya ce za ta yi ba ko an sa mata makunni. Asalin ELM327 ɗan IC ne na kamfanin Elm Electronics na Kanada, yawancin na kasuwa kwaikwayo ne, wasu ba sa karɓar umarnin sauka zuwa 125. Kuma kafin ka share kowace lamba, ɗauki hotonta. Sharewa ba gyara ba ce, shaida kawai ka goge wa wanda zai zo bayanka.

36/ In kai mai mota ne kawai, ba ruwanka da dalma, tambaya ɗaya ta ishe ka. Duk wanda ya sa wa motarka kwamfuta ya ce ba matsala, ko ya ce a canza abu mai tsada, ka ce masa: kwamfutoci nawa na'urarka ta gani? Nuna min jerinsu. In inji kaɗai ya nuna maka alhali ƙorafinka na fitila ne ko ƙofa ko batir, ba a duba motarka ba tukuna.

37/ Ranar suna motar ta yi sawu ya fi goma, ɗauko kujeru, ɗauko baƙi. Bayan nan Baba da kansa ya ajiye ta kwana huɗu bai gaya min dalili ba. Ranar na biyar da asuba na ji ya murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi. Ina kwance ina jinsa ya bar ta tana aiki ya fi minti biyar.

38/ Da rana na same shi na ce, "Baba, ka yafe min maganar da na yi ranar nan. Abin da ya kamata in ce shi ne ban ga komai ba a inda na duba." Ya ce, "Shekara 35 ina koyarwa. Ɗalibin da ya ce ban sani ba bai taɓa ba ni tsoro ba." Sai ya miƙo min makulli ya ce in je in sa mai, Umma za ta unguwa.

39/ Na'urar na nan a jakata, da ɗan makunninta a gefe da rubutun alƙalami ya fara gogewa. Har yanzu Baba injiniya yake ce min, sai dai yanzu in na kawo masa magana yakan tambaya, "Ka juya ɗaya gefen kuwa?"

Mai tambaya kan haɗin wayoyin ya ajiye a ƙasa, zan amsa bayan lacca in sha Allah.